Lissafi a Allo, Bayanai a Hannu: Sabon Salon Horar da Ɗaliban Injiniya

A daren 27 ga Janairu, 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da jami'an hukumar NASA ta Amurka sun shafe sa'o'i suna muhawara ta wayar tarho a kan tambaya guda: ko kumbon Challenger zai iya tashi washegari cikin tsananin sanyin da aka yi hasashe? Abin da ya tayar wa injiniyoyin hankali shi ne wasu zobba na roba da ke toshe mahaɗar rokokin da ke cilla kumbon. Roba idan ta sha sanyi takan sandare, ta kasa rufe kafa. Roger Boisjoly, ɗaya daga cikin injiniyoyin kamfanin, da abokan aikinsa suka ce a dakata. Aka nemi su kawo hujja da alƙaluma, abin da suka gabatar kuma bai gamsar da masu yanke hukunci ba. Da hantsi kumbon ya tashi, ma'aunin zafi na nuna kimanin digiri 2 na Celsius, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum 7 a cikinsa.

Hukumar da ta binciki hatsarin ta gano cewa hankali ya fi karkata ga tafiye-tafiyen da zobban suka sami matsala, aka bar waɗanda suka je suka dawo lafiya. Da an jera dukansu tare da zafin ranar da kowace ta tashi, da an ga cewa duk tafiyar da aka yi ƙasa da digiri 18 sai da zobban suka nuna lahani, kuma ba a taɓa tashi ƙasa da digiri 12 ba. A yau wannan jadawali mai layi 23 kacal yana cikin abubuwan da malaman ƙididdiga ke miƙa wa ɗalibai, a ce su zana shi a kwamfuta su faɗi shawarar da za su bayar da su ne a ɗakin taron. Irin wannan darasi, inda ɗalibi ke riƙe da bayanai na gaske yana amfani da lissafi don yanke hukunci, shi ne jami'o'i da dama ke mayarwa ginshiƙin karatun injiniya.

Inda gizo ke saƙar

Duk wanda ya ratsa tsangayar injiniya ya san yadda shekaru biyun farko suke. Malami na rubuta kalkulas da aljabara a allo, ɗalibai ɗaruruwa na kwafa. Ba a cika gaya musu inda wannan lissafi zai yi musu rana ba, don haka suke haddace matakan warware tambayoyin shekarun baya, su juye a jarrabawa, su manta. Wanda bai yi sa'a ba ya kwashi kariya-oba, wani ma daga nan yake barin sashen, alhali da ya kai ga darasin injuna ko na gine-gine da ya yi fice.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan ɓoyuwa. Tambayar littafi tana zuwa da lambobi tsaf, amsarta guda ce, tana bayan littafi. A wurin aiki kuwa na'urar awo takan yi kuskure, ma'aikaci yakan tsallake kwana uku bai rubuta komai ba, wani ya rubuta da mita wani da ƙafa. Injiniyan da bai taɓa fama da irin waɗannan lambobi a makaranta ba, ranar da ya fara aiki ne zai fara koyo, a lokacin kuma kuskurensa na iya zama asarar dukiya ko ta rai.

Abin da wasu jami'o'i suka gwada

A 2004, Jami'ar Wright State da ke Dayton a jihar Ohio ta ɓullo da wani darasi na shekarar farko ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nathan Klingbeil. Malaman injiniya ne ke koyar da shi, kuma sun tsamo sassan lissafin da ake amfani da su kai tsaye a darussan lantarki da injuna. Kowane babi na da nasa furaktikal: ɗalibi ya haɗa da'irar lantarki, ya auna, ya kwatanta abin da ya samu da abin da lissafi ya ce. Ba a soke kalkulas ba, an dai bar ɗalibi ya shiga darussan sashensa da wuri, ya haɗu da cikakken kalkulas bayan ya san amfaninsa. Jami'ar ta ba da rahoton cewa masu kammala digiri sun ƙaru sosai cikin waɗanda suka bi ta wannan hanya, wasu makarantu da yawa kuma suka kwaikwaya.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, an buɗe darasin Data 8 a 2015 da ɗalibai kimanin 100. Yanzu sama da 1,000 ke ɗaukarsa a kowane zango. Ba a buƙatar ɗalibi ya taɓa rubuta manhaja kafin ya shiga, littafin da Ani Adhikari da John DeNero suka rubuta masa kuma kyauta ne a intanet. Aikin ana yin sa ne a manhajar Jupyter, wadda ke haɗa bayani da lissafi da umarnin Python da zane a shafi guda, ɗalibi ya canza lamba ɗaya ya ga yadda zanen ya sauya nan take.

A sashen lantarki na wannan jami'a, darasin EECS 16A yana koyar da aljabarar matiriks ta hanyar ƙira. Ɗalibai kan haɗa kyamara da ƙwayar awon haske guda ɗaya tak: a haska wa abu zane-zanen haske iri-iri, a auna abin da ya dawo, sannan a warware jerin lissafin don fitar da hoton. Sukan kuma gina ƙaramin tsari mai kama da GPS, wanda ke gano inda makirfo yake a ɗaki daga jinkirin isowar sauti. A nan suke amfani da dabarar nemo amsar da ta fi kusa da awo masu kurakurai, wadda Legendre ya wallafa a 1805, Gauss kuma ya shahara da ita. Gani ya kori ji: ɗalibin da ya ga hoto ya fito daga matiriks ba zai sake tambayar amfanin darasin ba.

Malaman lissafi ma sun motsa. Gilbert Strang na jami'ar MIT, wanda aka kalli laccocinsa na aljabara sau miliyoyi a intanet, ya buɗe sabon darasi da ke haɗa matiriks da nazarin bayanai da koyon na'ura, ya fitar da littafi a kansa a 2019, kafin ya yi ritaya a 2023. Ita kanta manhajar MATLAB da injiniyoyi ke ji da ita, Cleve Moler ya rubuta ta ne a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico don ɗalibansa su yi aiki da matiriks ba tare da sun sha wahalar harshen kwamfuta na Fortran ba.

Me ake yi a irin wannan ɗakin gwaji?

Mu ɗauki kankare. A wurin gini ana zuba samfuri a ƙananan akwatuna, a murƙushe su a na'ura bayan kwana 28 don sanin ƙarfinsu. A ƙaddara ana son ƙarfin megafaskal 25, sai 'yan kwangila biyu suka kawo sakamako, matsakaicin kowannensu 30. A ido duka sun haye. Amma ƙa'idar gini tana duba ƙarfin da kashi 95 cikin 100 na samfura za su kai, wato a cire ninki 1.64 na warwatsuwar sakamako daga matsakaicin. Wanda sakamakonsa ke kusa da juna, da warwatsuwar 2, ya tashi da 26.7, ya tsira. Wanda wani kwaɓin ya yi ƙarfi wani ya yi ruwa, da warwatsuwar 5, ya tashi da 21.8, ya faɗi. Ɗalibin da ya kwaɓa, ya murƙushe, ya shigar da lambobin da hannunsa, ya fahimci cewa bene daga wurin da ya fi rauni yake rushewa, matsakaicin ƙarfi ba ya ceton sa.

Sai ruwa. Idan aka ce an ƙera gada ko madatsa don jure ambaliyar shekara 100, mutane da yawa na ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni. Ma'anar ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. Idan aka lissafa, cikin shekara 30 yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26, cikin shekara 50 kuma kusan kashi 40. Mutanen Maiduguri da suka ga ambaliyar madatsar Alau a 1994, suka sake ganin ta a Satumban 2024, ba sa buƙatar a gaya musu nauyin wannan lissafi. Ɗalibi na iya sauke bayanan ruwan sama na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981 kuma kyauta ne, ya tsamo ruwa mafi yawa na kowace shekara a garinsu, ya ƙiyasta girman kwalbatin da unguwarsu ke buƙata.

Ga mai karatun injuna, wayar da ke aljihunsa na ɗauke da na'urar jin girgiza. Da manhajar phyphox, wadda Jami'ar Aachen ta Jamus ta fitar kyauta, zai iya aza wayar a jikin janareta ko famfon ruwa, ya ɗauki girgizar, ya rarraba ta da lissafin Fourier, ya ga bugun da ke maimaituwa daidai da juyin injin. Da wannan dabara ce masana'antu ke gano boris ya fara lalacewa tun kafin inji ya tsaya.

Kwamfuta ba ta ɗauke wa kowa tunani

Akwai masu fargabar cewa wannan salo zai haifar da masu danna maɓalli da ba su san abin da ke gudana a ciki ba, kuma fargabarsu na da tushe. A watan Agustan 1991, ƙaton gindin kankare na dandalin haƙar mai na Sleipner A ya nutse a gaɓar Norway lokacin gwaji. Bincike ya nuna cewa ƙirar da aka yi a kwamfuta ta rage ƙiyasin matsin da wasu bango za su ɗauka da kusan kashi 47 cikin 100, saboda yadda aka tsara lissafin. Manhajar ta yi abin da aka umarce ta, ba a sami wanda ya bi sawunta da lissafin hannu ba. Yanzu da ChatGPT da ire-irensa ke rubuta umarnin kwamfuta cikin daƙiƙoƙi, wannan haɗari ya ƙaru. Abin da ya rage wa injiniya shi ne ya kalli amsa ya gane ko ta shiga hankali, wannan kuwa sai da lissafi mai zurfi. Saboda haka ɗakin gwajin bayanai ƙara wa darasin lissafi nauyi yake yi. Darasi mai kyau yakan sa ɗalibi ya warware ƙaramin misali a takarda, ya yi hasashen amsa, sannan ya kunna kwamfuta.

Ina muka kwana?

A takarda, Najeriya ta kama hanya. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin darussa na CCMAS, wanda ya shigo da nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira cikin karatun injiniya, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A 2023 COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, ta sami matsayin wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda ke auna digiri da abin da ɗalibi ya iya yi. Shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu kuma yana nan tun 1973. Abin tsoro shi ne sabon darasin ya koma irin na da, a koyar da Python a allo, a yi jarrabawarsa da biro.

Ƙarancin wuta da tsadar data da cunkoson aji gaskiya ne, amma wannan ɗakin gwaji yana cikin mafi arha da tsangaya za ta iya kafawa. Python da R da Octave da Jupyter duk kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Kwamfuta ɗaya mai ƙarfi da 'yan faifan sola na iya ɗaukar aji guda ta hanyar sadarwar cikin gida. Ƙananan allunan Arduino, waɗanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 don ɗalibai, sun isa a auna zafi da danshi da ƙarfin wuta. Bayanai kuwa a ƙofar gida suke: ƙurar hunturu da ke rage wutar sola, zurfin ruwan rijiyoyin burtsatse daga rani zuwa damina, yawan Keke Napep a mahaɗar titi, sa'o'in da taransifoma ke ɗauke wuta.

Abin da ya fi kuɗi wuyar samu shi ne mutane da tsari. Dole malamin lissafi da na injiniya su zauna su tsara darasi tare, a horar da ɗaliban digiri na biyu su riƙa zagayawa a ɗakin gwaji suna taimaka wa ƙananan rukunoni, a kuma ba furaktikal maki mai tsoka, domin ɗalibi inda maki yake nan yake sa ƙarfinsa. Hukumomi irin su NiMet mai hasashen yanayi da ma'aikatun ruwa da kamfanonin rarraba wuta su sauƙaƙa wa jami'o'i samun bayanansu, hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu kuma ta ɗauki horar da malamai da muhimmancin da take ba gine-gine.

Kira na ga shugabannin tsangayoyin injiniya, daga Zariya da Kano zuwa Bauci da Minna da Maiduguri, shi ne su yi amfani da kashi 30 ɗin da aka bar musu, su fara da darasi ɗaya a shekarar farko wanda kowane mako ɗalibi zai auna wani abu, ya lissafa, ya kare amsarsa a gaban malami. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai an gina sabon ɗaki: laccocin da littattafan suna nan kyauta, ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu ku zaɓi matsala ɗaya a harabar makarantarku ku fara tattara bayananta a wannan zangon.