Bindiga Marar Lamba

A ƙasar Amurka akwai wani ciniki wanda ya kamata iyaye su ji labarinsa. Kafin 2022 mutum ya kan aika da kuɗi, a kawo masa kwali har ƙofar gida, cikinsa kuwa sassan bindiga ne, shi zai harhaɗa da hannunsa. Ba irin bindigar toka da maƙeranmu su ke yi wa mafarauta ba ce. Wannan ita ke ɗura wa kanta harsashi: duk sa'ad da aka ja kunama ɗaya ya fita, nan take wani ya maye gurbinsa. Wadda aka fi sani ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara, kamfanin Colt kuma ya sayi ikon ƙera ta a 1959.

Tun 1968 dokar Amurka ta ce tilas kowace bindiga da kamfani ya ƙera ta kasance da lamba a jikinta. Daga baya aka ƙara da cewa mai kanti ya bincika ko an hana mai saye riƙe makami. Amma dokar ba ta hana mutum ya ƙera wa kansa ba. Sai 'yan kasuwa suka ga kafa. Suka riƙa sayar da babban sashen bindigar ba a gama aikinsa ba, suna cewa ai guntun ƙarfe ne kawai. Ba lamba, ba tambaya. Don haka ake ce mata fatalwar bindiga, gama 'yan sanda ba su iya bin sawunta.

Masu sha'awar abin su kan ce aikin hannu ne, kamar gyaran keke. Lalle da yawansu ba su cuci kowa ba. Amma wanda kanti ya ƙi sayar masa, shi ma ta wannan ƙofa ya riƙa shiga. A Nuwamba 2017, a ƙauyen Rancho Tehama cikin jihar Kalifoniya, wani mutum da kotu ta hana shi riƙe bindiga ya haɗa biyu a gida. Matarsa ya fara kashewa. Kashegari ya bi maƙwabta, ya nufi makarantar firamare. Ma'aikatan makarantar suka ji ƙarar harbi daga nesa, suka kwashe yara cikin azuzuwa, suka kulle. Ya harbi bango da tagogi, ya ji wa yaro ɗaya rauni, amma bai sami shiga ba. Mutum biyar ya kashe, babu ɗan makaranta ko ɗaya a cikinsu. Mu malamai ba mu kan karanta wannan ba sai mun tuna da ƙofofin azuzuwanmu, waɗansu ko sakata ba su da ita.

A 2021 'yan sandan Amurka sun kama irin waɗannan bindigogi wajen 20,000, watau ninki goma na 2016. A 2022 gwamnati ta ce waɗannan kwalaye su ma bindigogi ne, a sa musu lamba, a bincika mai saye. Aka kai ƙara. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tsaya wa gwamnati, alƙalai bakwai suka yarda, biyu suka ƙi. Waɗanda aka riga aka haɗa kafin dokar kuwa suna nan cikin gidajen mutane, ba wanda ya san yawansu.