Inda Ake Dasa Na'urar Ji a Tsakiyar Kunne

Idan sauti ya bugi dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku ne ke miƙa girgizar zuwa kunnen ciki mai siffar katantanwa. Na'urar Vibrant Soundbridge, wadda aka fara dasawa a 1996, ɗaya daga cikin ƙasusuwan take girgizawa kai tsaye da ɗan maganaɗisu kamar ƙwayar shinkafa.

Wurin maƙala shi ne babbar magana. Da farko ƙashin tsakiya ake ɗaura wa. A 2006 likita Vittorio Colletti na Italiya ya nuna ana iya jingina shi a zagayayyar tagar katantanwa, ga wanda ciwo ya cinye masa ƙasusuwan. Nan aikin ya fi wuya: in bai zauna daram ba, girgizar ta salwanta, majinyaci ya riƙa jin magana sama-sama.