Ba kowane kiristal ke jere sak ba

A lakwal, daga Dogo har lise-lisen Damagaram, abin da ake koya wa ɗalibi shi ne kiristal tsari ne cikakke: kowace ƙwaya na nan daram a gurbinta, ba ta ko motsi. Malamanmu suna da hujja. Gishiri da kanwa da farar wutar da ake kasawa a kasuwa duk suna fitowa da kusurwoyi tsaf, kuma tun 1913 Bragg da ɗansa suka haska gishiri da hasken X a Ingila, suka ga jerin ƙwayoyinsa. Ina girmama wannan koyarwa, amma ta tsaya a rabin hanya.

Mu ɗauki tiyofen, sinadarin da Bajamushe Viktor Meyer ya gano cikin benzin a 1882. Zobe ne mai kusurwa biyar, huɗu na kabon, ɗaya na farar wuta. Ire-irensa na cikin ɗanyen mai, kuma cire su na cikin aikin matatu irin SORAZ. Yana daskarewa ne a digiri 38 ƙasa da sifili. To, ko bayan ya daskare, zoben na juyawa a gurbinsa, farar wutar ta fuskanci nan, ta fuskanci can. Kamar rumfunan kasuwa ne: layi bai karkace ba, amma kowane mai rumfa da inda ya juya fuska. In aka ƙara sanyi, juyin ya ragu, tsari ya shigo mataki-mataki, kiristal ɗin ya sake siffa sau da dama.

Wani zai ce ai datti ne ya shiga, ko mai awon ne ya yi kuskure. A'a. Ko an tace shi tas, haka yake yi, domin zoben ya kusa zama da'ira, ko ta ina ya kwanta gurbin zai karɓe shi. Hoton hasken X kuwa matsakaicin biliyoyin ƙwayoyi yake nunawa, shi ya sa mai bincike kan tarar da gurbi ɗaya, wani kaso farar wuta, wani kaso kabon.

Abin ya dame ni ne saboda magani. Clopidogrel, da ake ba masu ciwon zuciya, yana ɗauke da wannan zobe, kuma yadda ƙwayoyin sinadarin magani suka jeru a kiristal na iya sauya saurin narkewarsa a ciki. Yaron Dogo da zai karanci harhaɗa magunguna a Yamai ko Zariya gara ya ji wannan tun daga lise.