Me ya sa baki ba ya gajiya da zaƙi da maiƙo?

A nan Matameye mun san zaƙi. Rakenmu na fadama ya yi suna har Damagaram da Yamai. Mutum zai ce gaɓa ɗaya kawai zai sha, kafin ya farga ya cinye kara guda. Haka tsire, haka ƙosai mai zafi, haka shayi. Ciki ya cika, amma baki yana neman ƙari. Mu kan ce kwaɗayi ne. To, masana sun gano cewa tushen abin yana cikin ƙwaƙwalwa.

Jikin ɗan Adam yana haɗa wani sinadari da kansa, ana ce masa andorfin. Aikinsa shi ne rage zafin ciwo da sa mutum jin daɗi. A shekarar 1975 ne John Hughes da Hans Kosterlitz suka fara gano irinsa a ƙasar Sikotilan. A 1976 kuma wani masani a Amurka, Choh Hao Li, ya samo wani a cikin ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi. Ashe raƙumin da muke gani a kasuwa shi ma ya taimaki ilimi.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wuraren da andorfin yake shiga, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗo. Ƙwayar tramol da ta addabi samarinmu waɗannan wurare take bi. Idan muka ci abu mai zaƙi ko maiƙo, jiki yana sakin andorfin. Sai mu ji daɗi, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe abin, gobe ta sake nema.

A 1978 masana a Amurka sun auna wasu ɓeraye masu ƙiba ƙwarai. Suka tarar andorfin ɗinsu ya fi na sauran ɓeraye yawa. Da aka yi musu allurar da ke toshe waɗannan wurare, sai suka daina cin da ya wuce kima. A 2015, a garin Turku na ƙasar Finlan, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata masu ƙiba sosai. Aka ga wuraren karɓar andorfin sun ragu. Masanan suna ganin shi ya sa mai ƙiba yake buƙatar abinci da yawa kafin ya ji daɗin da wani yake ji da kaɗan. Bayan an yi wa matan aiki ƙibarsu ta ragu, wuraren sun ƙaru.

Saboda haka ba daidai ba ne mu riƙa yi wa mai ƙiba gori. Akwai gado a cikin lamarin. Akwai kuma zama wuri ɗaya, da hawan kabu-kabu zuwa inda dā ake zuwa da ƙafa. Amma kada mu ɗauki teɓa alamar hutu. Ƙiba tana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata suke saye a hannun ƴan tebur, suna da haɗari ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba yake sha a yini kada ya kai giram 50, wato kamar ƙaramin cokali 12. Mai zaman shayi safe da dare ya lissafa nasa. Shawararmu ita ce a rage sannu a hankali, cokali ɗaya a wannan mako, wani a mako na gaba, har harshe ya saba. A ƙara kopton zogale da wake a cikin abinci. Noma, tafiya da sauri, har ma dariya cikin jama'a, duk suna sa jiki ya saki andorfin ba tare da sukari ba.

Wannan magana ta manya ce. A yankinmu tamowa tana kama yara da yawa, don haka kada a rage wa yaro abincinsa.

A 2014 Amurka ta amince da wani maganin ƙiba mai ɗauke da naltirekson, wanda yake toshe wuraren andorfin. Likita ne kaɗai yake ba da shi, kuma mai shan tramol idan ya sha shi zai galabaita. Wanda ƙibarsa ta dame shi ya fara zuwa asibiti, a auna nauyinsa da jininsa da sukarinsa.