Kafin Ka Sayi Kyamarar Ɗaukar Bidiyon Gida, Saurari Wannan

 Yau ma daga nan Gidan Dahala, cikin birnin Sakkwato, nake magana da ku, kuma zan fara da abin da ya same mu a gida.

Shekara uku da suka wuce aka yi sunan ɗan yayata. Ƙanena ya aro kyamara, irin wadda aka rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikinta. Ya ɗauki kakarmu Inna tana riƙe da jariri, tana lissafo masa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata biyar Allah ya yi mata rasuwa. Da muka buɗe bidiyon, hoto tangaran, har lallen hannunta ana gani. Murya fa? Ƙarar janareta da iska kawai. Bakinta na motsi, ko suna ɗaya ba mu ji.

Tun ranar na daina auna kyamara da abin da aka rubuta a kwali. Ga abubuwan da nake dubawa.

Na farko, sauti. Mutum zai iya jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Duba ko kyamarar tana da ramin jona makirufo na waje. Ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi na jikin kyamara nesa ba kusa ba, don yana kusa da bakin mai magana. In a tsakar gida ne, sa masa soson tare iska, kuma ka yi nesa da janareta.

Na biyu, haske. Yawancin hidimominmu, ko kamu ko walima ko hira da tsofaffi, a cikin ɗaki ake yi, ko bayan magariba. Mai shago kuwa a hasken rana zai gwada maka. Ka ce a shiga lungu mai duhu. In ka ga hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi, to ka san abin da za ka samu a ɗakin amarya.

Na uku, rawar hannu da zuƙowa. Nemi wadda take danne girgiza, don babu mai riƙe kyamara minti goma hannunsa bai motsa ba. Zuƙowa kuma iri biyu ce. Akwai ta gilashi, wadda take jawo abu kusa hoton bai lalace ba. Akwai ta dijital, wadda buɗa hoton kawai take yi har ya farfashe. Wata kyamarar za ka ga an rubuta ninki ɗaruruwa, alhali dijital ne. Ninki 20 ko 30 na gilashi ya ishe ka ɗauko fuskar mahaifinka daga nesa a Fakon Idi. A nan ne kyamara ta fi yawancin wayoyinmu.

Na huɗu, batir da zafi. Mun san halin wuta. Nemi wadda batirinta yake cirewa, ka sayi na biyu, ko wadda take karɓar caji daga fawa banki. Sannan yawancin kamfanoni suna rubuta cewa kyamarorinsu na aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a Sakkwato watan Afrilu muna haura 40. Kada ka bar ta cikin mota ko a rana. Lokacin hunturu kuma jaka mai zif ita ce maganin ƙura.

To, 4K ɗin fa? Ɗigon hotonsa 3840 sau 2160 ne, ninki huɗu na 1080. Yana da kyau, amma yana cin memori, yana cin batir, yana zafafa kyamara. Don bidiyon gida, 1080 ya wadatar. In ka dage sai 4K, nemi memori mai alamar V30, kuma ka saya wurin wanda ka yarda da shi. Jabu sun yi yawa: zai nuna maka giga 128, ka gama ɗauka ka tarar babu komai.

Wani zai ce, ai wayata ta isa. Gaskiya ne, in aljihu bai kai ba, waya mai kyau da makirufo da ƙafar ɗorawa sun fi kyamarar banza mai suna 4K. Ka dai riƙe ta a kwance, ba a tsaye ba.

Abu na ƙarshe, ajiya. A gidaje da yawa akwai kaset ɗin bikin iyayenmu, irin na VHS da kamfanin JVC ya fito da shi a 1976. Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera na'urar kallonsa, ya daina a 2016. Faifan CD kuma ya karce. Darasi ke nan. Ajiye bidiyonka wuri uku: kwamfuta, wani memori daban, da kuma intanet. Kada ka dogara da WhatsApp, yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil.

Kuma don Allah, kafin ka ɗauki iyayenmu mata da ƴan'uwa a cikin gida, nemi izini. Abin da aka ɗauka don zuri'a ba na TikTok ba ne.

In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ka jira sai ka tara kuɗin kyamara. Juma'ar nan, kashe fanka, zauna kusa da ita, ka tambaye ta sunan kakanninta. Kafin ka tashi, ka sa a kunne ka tabbatar muryar ta fito.

Allah ya jiƙan magabatanmu.