Shin Panadol Yana Karya Antibayotik?

Magana ce da ta daɗe tana yawo a bakin kemis da zaurukan WhatsApp: wai mai shan antibayotik kada ya kuskura ya haɗa da maganin ciwon kai, domin zai karya shi. Wasu har cewa suke haɗin guba ne.

Batun karyawa dai ba shi da tushe. Amoxicillin ko Augmentin ƙwayoyin cuta suke kashewa, shi kuwa Panadol, wato farasitamol, zafin jiki da raɗaɗi yake saukewa, kuma likitoci sun saba rubuta su a takarda ɗaya. Abin tsoron shi ne yawan shan farasitamol ɗin. Babba kada ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Magungunan mura irin su Procold akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba, hanta ce kuma take ji a jikinta. Mai shan maganin tarin tibi, wanda dama kan taɓa hanta, ya fara tambayar likitansa.

Amma jita-jitar ba duka ce ƙarya ba. Ibuprofen da diclofenac su ma maganin ciwo ne, amma wani gida ne daban. Haɗa su da ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa don taifot da ciwon mafitsara, yana ƙara haɗarin jijjiga, musamman ga mai farfaɗiya. Haɗa su da allurar gentamicin kuma nauyi ne a kan ƙoda. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu dama ba a so su sha su da ka, ko da antibayotik ko babu.

Abin mamaki, wanda ke rage ƙarfin ciprofloxacin da tetracycline na haƙiƙa ba a cika maganarsa ba: madara, nono, maganin ƙarin jini da maganin ƙwannafi, idan aka sha su lokaci ɗaya.

A ganina ɓarnar da ta fi yawa ita ce ta wanda Panadol ya sauke wa zazzaɓi, ya ɗauka ya warke, ya ajiye sauran kafso. Zafin ne kawai ya lafa, ƙwayar cutar tana nan. Don Allah mai karatu, kada ka tsayar da antibayotik sai da iznin likita, kuma duk lokacin da za a ba ka magani, ka faɗi duk abin da kake sha, har na gargajiya.