Allon rubutu a jakar matafiyin Arewa

Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 275 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Kore Mairuwa da Doso. Malamin makaranta daga Matankari ko ma'aikaciyar lafiya daga Tibiri da aka kira taro a babban birni sukan tafi da rahoton da ba su gama ba. Kwamfuta tana da tsada da nauyi, ga cin caji. Wayar salula kuwa tana aljihun kowa, sai dai rubuta shafi biyar da manyan yatsu biyu azaba ce. Nan ne ƙaramin allon rubutu mara waya, kilabiye, yake da rana: wani ana ninke shi a sa a jaka, kuma cajinsa kan kai makonni, tunda ba shi da fuskar da ke shan wuta. Wanda ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki, ya san darajar na'ura mai ƙaramin ciki.

Ta hanyar Bluetooth yake magana da wayar, wato igiyar rediyo mai gajeren zango, kamar mita 10, wadda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aiki a kanta a 1994. Ba ya buƙatar intanet ko kati, don haka ko a ƙauyen da babu rezo rubutu na tafiya. Cikin mota kam, girgiza ba ta barin yatsa ya zauna. Aikinsa na tasha ne da masauki.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, allon ba harafi yake aika wa waya ba. Lambar mazaunin maɓallin da aka danna yake aikawa, wayar ce ke yanke hukuncin harafin da zai fito. Wanda ya koyi rubutu a lakwal ya saba da tsarin Faransa, AZERTY, alhali kayan da ke shigowa daga kasuwannin Najeriya galibi QWERTY ne. In tsarin da ke cikin wayar bai dace da na allon ba, sai mutum ya danna A ya ga Q, ya zaci an sayar masa da jabu. Gyaran yana cikin saitin wayar, wurin zaɓen tsarin allo na waje.

Wannan ne ma ya sa nake ganin bai kamata mu haƙura da rashin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Ba a zana su a jikin maɓallan, amma manhaja irin su Keyman tana iya koya wa waya fitar da su. Tun 1999 Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardar da za ta fita daga Gesheme ko Dumega bai dace ta rubuta kasa inda ake nufin ƙasa ba. Don haka mai saye ya haɗa allon da wayarsa tun a gaban mai shago, ya gwada haruffan nan huɗu da é na Faransanci kafin ya ƙirga kuɗi.